Me Ya Sa Maƙwabta Ke Riga Ka Ihun Ƙwallo?

Masu kallon Firimiya a waya, ta manhajojin da ake biya duk wata, sukan zargi kamfanin layinsu idan gidan kallo ya ɓarke da ihu alhali su ƙwallo tana tsakiyar fili. Galibi ba laifin sabis ba ne. Manhajar tana yanka bidiyon ne gunduwa-gunduwa, kowace ta 'yan daƙiƙoƙi, wayarka kuma sai ta tara kamar guda uku kafin ta fara nunawa, don kada hoton ya riƙa tsayawa. Jinkirin yakan kai rabin minti, har ya wuce. Tauraron ɗan'adam irin na DStv ba ya wannan tarin, shi ya sa yake gaba. Ko ka koma 5G, tazarar ba za ta ɓace ba. Gara ka kashe sanarwar sakamako a wayarka, don kada ita ma ta riga hoton gaya maka an ci.