Wanda ya tsargu, da shi nake

Tun da yaran nan huɗu masu kiɗan rok suka saki albam ɗinsu na farko, akwai wani yayanmu a garin Jos da barci ya ƙaurace wa idonsa. Ban kama suna ba, kuma ba zan kama ba. Ya rubuta a Facebook, ya maimaita a ɗan filin da ake ba shi a rediyo, ya bi guruf-guruf na WhatsApp yana turawa, wai kiɗan rok ɗin da suka yi kayan gwanjon Turawa ne na shekarun 1970, babu ko zare ɗaya nasu a ciki. Har maki ya ba su, ƙasa da 2 cikin 10.

To makin nan ne ya tona asiri. A 2018 wasu samari daga jihar Mishigan ta Amurka, Greta Van Fleet, sun fitar da cikakken albam ɗinsu na farko, shafin sharhin waƙoƙi na Pitchfork ya ba su 1.6 cikin 10, ya zarge su da kwaikwayon tsohuwar ƙungiyar rok ta Ingila, Led Zeppelin, tun daga murya har sutura. Duk mai bibiyar harkar nan ya karanta wannan sharhin. Yayanmu shi ma ya karanta, ya ɗebo zagin da salon da makin, ya juye wa 'ya'yan mutane a ka, sannan ya miƙe yana wa'azi a kan illar kwafa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Abin da bai gaya wa masu sauraronsa ba shi ne, albam ɗin da aka zaga ɗin ya shiga a mataki na 3 a jadawalin Billboard na albam-albam mafiya kasuwa a Amurka, kuma a 2019 samarin suka ɗauki kyautar Grammy da wani faifansu da ya riga shi fita.

Amma bar batun Amurka, domin ba can yaranmu suka je ɗiban ruwa ba. Wanda ya ce rok baƙo ne a Najeriya bai san tarihin sana'ar da yake ci da ita ba. 'Yan ƙungiyar Ofege 'yan makarantar St. Gregory ne a Legas lokacin da suka fitar da faifansu a 1973, ba su ma kai yaran nan shekaru ba. Akwai BLO, akwai MonoMono ta Joni Haastrup, akwai Funkees da suka taso a gabas bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream ta Ingila, da ƙafarsa ya zo Legas ya zauna ya yi kiɗa da Fela. Nan Jos ma mun yi ƙungiyar Sahara All Stars. A 2008 wani kamfanin Ingila, Soundway, ya tattara irin waɗannan tsofaffin faya-fayan ya sake bugawa, Turawa suka yi ta saye. Ka leƙa Nijar ka ga abin da Bombino da Mdou Moctar suke yi da jita, duniya na tafa musu. Jikan da ya ɗauki kayan kakansa, yaushe ya zama ɓarawo?

Ni na ga yadda aka yi aikin, shi bai gani ba. Ɗaki ɗaya ne a bayan unguwar Farin Gada, an jingina katifu a bango saboda amsa-kuwwa. Su huɗun tare suke bugawa a lokaci guda, in mutum ɗaya ya kuskure sai a koma farko, babu zancen kwamfuta ta gyara. Mai gangar tawul yake shimfiɗawa a kan fatar don sautin ya fito a bushe irin na da. Tsohuwar amfilifayar mai jitar kuwa, wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya farfaɗo da ita, kuma in ta yi zafi sai an kashe an jira ta huce, a zauna ana kallon man janareto yana ƙonewa. Ku saurari waƙa ta uku da kyau. Yadda yaron yake tsinkar tsirkiya ɗaya yana maimaitawa, hannun kuntigi ne, hannun da duk ɗan Jos ya sani daga marigayi Dan Maraya, Allah ya jiƙansa. Wane Bature ne ya koya masa wannan? Wanda ya saurari albam da kunnensa ai ba zai tsallake wurin ba, sai dai in da zuciyarsa ya saurara.

Ban ce aikin ba shi da aibu ba. Mawaƙin yana ɗaga murya inda ba ta kai ba, waƙoƙi biyu sun yi tsawon da bai kamata ba, kuma baitocin Turancin ba su kai na Hausar daɗi ba. Wata 'yar'uwa da ta yi sharhi daga Abuja ta faɗi kusan duk wannan, ta nuna waƙa, ta nuna wuri, yaran suka yi mata godiya. Haka masu sani suke yi, su gyara maka ka ƙaru.

Shi kuwa namu, mun san inda gizo yake saƙa. Mun san wanda ya aika a kira su bara, ya ce su ajiye jita ya ɗora su a kan irin kiɗan kwamfutar da yake sayar wa kowa, shi ne furodusa, shi ne manaja, rabin abin da aka samu nasa. Suka durƙusa suka ce, "Yaya, a yi mana afuwa, ba hanyarmu ba ce." Ko kallon banza ba su yi masa ba. A lokacin ai cewa yake su ne gobe. Garin da ya raini P-Square da M.I da Ice Prince ya san masu riƙe hannun yaro, ya kuma san masu taka shi don ya ƙi zama ɗan aikensu.

Yaya, abu ɗaya nake roƙo. Ka ce sata suka yi. To faɗi sunan waƙar da aka sata, da mai ita, da minti nawa ne a cikin tasu. Ka rubuta a shafin da ka rubuta na farkon, in kuma ka fi son rediyo, yaran sun ce za su zo da jitarsu a buga duka biyun mutane su ji.