Madobiyar Taraba: hana sara kaɗai ba zai dawo da daji ba

Daga wajen shekarar 2014 zuwa 2018, babu sana'ar da ta kai saran madobiya kawo kuɗi a ƙauyukan Bali da Gassol da Gashaka na jihar Taraba. Matasa da yawa sun ajiye fartanya sun shiga daji da injin yankan itace, garuruwa irin su Garba Chede suka cika da gungumen da aka sassaƙe gefensu huɗu, tireloli kuma suna kwasa ba dare ba rana zuwa Legas, inda ake cusa su a kwantena a tura ƙasar Sin. A can ne ake yin kujeru da gadaje na alfarma da wannan jan katako, wanda 'yan kasuwar Taraba suka fi sani da Madrid. Cikin waɗannan 'yan shekaru Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen tura wa Sin irin wannan gungume, alhali tun 1976 dokar ƙasa ta hana fitar da gungumen da ba a sarrafa ba.

Duniya ta farga, amma sai da aka yi ihu bayan hari. A taron Johannesburg na 2016 aka saka madobiya a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke lura da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, wato rukunin da ba a fitar da shi waje sai da takardar izini, matakin kuma ya fara aiki a watan Janairun 2017. A ƙarshen wannan shekarar ƙungiyar EIA mai binciken laifukan muhalli ta fitar da rahoto inda ta yi zargin cewa an bayar da dubban takardun izini bayan katakon ya riga ya isa tashoshin jiragen ruwan Sin, zargin da hukumomin Najeriya suka musanta. A 2018 kwamitin CITES ya dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya. Dalilin dakatarwar shi ne abin da ya kamata mu tsaya a kansa: an nemi ƙasar ta kawo hujjar kimiyya cewa saran da ake yi ba zai ƙarar da itacen ba, ta kasa kawowa, domin babu wata hukuma a Jalingo ko a Abuja da ta san yawan madobiyar da ke tsaye, balle yawan da za a iya sarewa a shekara ba tare da an ci uwar kuɗi ba.

Dajin da aka bari a baya bai zama fili fetal ba, kuma wannan ne yake ruɗar mai kallo daga bakin titi. Mai injin ba ya sare komai; yana zaɓen miƙaƙƙu masu kauri, ya bar karkatattu da masu kogo. Ke nan manyan itatuwan da ke zubar da iri mai kyau su ne suka fara tafiya. Da inuwa ta ragu sai ciyawa ta yi tsawo ta yi kauri, wutar daji ta watan Janairu da Fabrairu ta ƙara zafi, ta cinye ƙananan tsirran da za su maye gurbin iyayensu. Hanyar da motar katako ta buɗe kuwa ba ta rufuwa: mai gawayi zai biyo ta ya kwashe kirya da marke, bayansa mai neman sabuwar gona ya zo da gatari. Makiyayi ma ya yi asara, domin ganyen madobiya na cikin abincin da shanu ke dogara da shi a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare. Da madobiya ta yi wuya masu saran suka koma kan kawo da maɗaci, har ta kai a taron Panama na 2022 su ma aka saka su a rukuni na biyu na CITES.

Amsar da gwamnatocinmu suka fi saurin bayarwa ita ce haramci: a fitar da sanarwa, a kafa kwamitin cika aiki, a kama tirela biyu a nuna wa 'yan jarida. Ina ganin wannan amsa ta riga ta sha gwaji, kuma sakamakonta yana nan a fili. Jihar Kuros Riba, wadda ke da mafi girman abin da ya rage na kurmin Najeriya, ta hana saran katako baki ɗaya a 2008 a zamanin Gwamna Liyel Imoke. An shekara goma sha biyar a haka, sara bai tsaya ba, sai dai ya koma hannun waɗanda ke da ƙarfin sayen shiru a shingayen hanya, ƙauyukan da a da suke samun kasonsu na kuɗin katako kuma suka rasa, har Gwamna Bassey Otu ya ɗage dokar a 2023. Ghana ta haramta tsaga katako da injin hannu don sayarwa tun 1998, amma shekara da shekaru irin wannan katakon ne ya cika kasuwanninta na cikin gida, saboda kafinta da mai rufin ɗaki ba su daina buƙatar katako ba don an buga doka. A arewa kuwa mun ga inda gandun dajin da hukuma ta rufe sannan ta juya masa baya yake ƙarewa, domin Kamuku da Rugu da Sambisa duk dazuzzukan gwamnati ne kafin su zama maɓoyar 'yan bindiga.

Abin da dajin da ya gaji yake buƙata shi ne hutu mai wa'adi, sannan sara bisa lissafi. Aikin ba shi da wani sirri. Ana raba dajin gida-gida, a shiga kowane gida a ƙirga itatuwan katako, a zagaya wa kowanne igiyar awo daidai ƙirjin mutum, a rubuta masa lamba da fenti, a shigar da ita littafi. Wanda kaurinsa bai kai ƙa'ida ba ba a taɓa shi. Cikin waɗanda suka kai ma sai an ware mafi kyawun a bar su su yi iri, wato akasin abin da mai injin yake yi idan an bar shi da son ransa. Kafin a kayar da itace ana duba inda zai faɗi don kada ya murƙushe na ƙasa da shi, a kuma tsara hanya ɗaya da za a ja gungume maimakon kowace mota ta keta inda ta ga dama. Idan an gama da gida ɗaya sai a rufe shi, ba za a dawo ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da sara ya zagaya sauran gidajen.

A dajin da aka riga aka tatse kamar na Bali, shekarun farko kusan duk na jinya ne. Sa'ar da aka yi ita ce madobiya tana tohowa daga kututture, kuma saiwar tsohon itace tana ciyar da toho fiye da yadda dashe daga leda zai samu. Kututture ɗaya kan fitar da toho bakwai ko takwas. Idan aka bar su duka sai su zama kurmi marar amfani, idan kuwa aka rage aka bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi sai su miƙe su zama itace. Sai kuma wuta. Hana ta gaba ɗaya a dajin ciyawa mafarki ne, amma idan aka sa ta da gangan a farkon kaka, ciyawa da sauran ɗanyenta, takan bi ƙasa ta wuce ba tare da ta kashe toho ba, ta kuma rage abin da wutar tsakiyar rani za ta ci. Itacen ba ya saurin girma, don haka wanda ya yi wannan aiki a bana wataƙila ɗansa ne zai sayar da gungumen. Duk da haka, in ruwa ya zube ya bar tulu, da sauran gyara.

Najeriya ta taɓa sanin wannan aiki. A zamanin Turawa an keɓe kusan kashi goma cikin ɗari na ƙasar a matsayin gandun daji, kuma a kurmin Benin na jihar Edo ta yau, wanda ya ciyar da masana'antar katako ta Sapele, kowane gandu yana da rubutaccen tsarin sara da zagayen da ya kai shekara ɗari. Ba don ƙaunarmu suka yi ba, katakon ƙasarsu yake tafiya, kuma sun ƙwace wa al'ummomi da yawa ƙasar kakanninsu kafin su shata iyakokin, abin da ya sa har yau talaka yake kallon malamin daji a matsayin mai kama mutane. Amma sun ƙirga. Bayan 'yancin kai aka riƙa gajarta zagayen, dazuzzuka suka zama hurumin jihohi, jihohi kuma suka mayar da ma'aikatar gandun daji ofishin tara kuɗin shiga. Ma'aikacin da ake auna ƙwazonsa da yawan rasit ɗin da ya yanka ba shi da dalilin hana a sare ƙaramin itace.

Tambayar da ta fi ta awo wuya ita ce ta mallaka, kuma a nan maƙwabtanmu na Nijar suna da abin nuna mana. A da dokar ƙasar ta mayar da itatuwa masu daraja mallakar hukuma ko da a gonar mutum suke, manomi kuma yana tumɓuke tsiron gawo tun yana ƙarami don kada ya girma ya jawo masa tarar ma'aikatan daji. Daga tsakiyar shekarun 1980, a yankin Maraɗi, manoma suka fara barin toho suna gyara shi, kuma da suka tabbata itacen nasu ne, su za su sassabe reshe su sayar, sai abin ya bazu zuwa Damagaram da sauran wurare. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 ta wannan hanya. A 1992 kuma Nijar ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda ƙauye ke samun yankin dajinsa da adadin da zai sara a shekara, kaso na harajin ya zauna a ƙauyen. Dajin Baban Rafi da ke yankin Maraɗi na cikin wuraren da aka yi hakan. Tsarin bai tsira daga maguɗi ba, akwai inda aka riƙa wuce adadi, kuma itacen girki ba ɗaya yake da katakon fitarwa waje ba. Sai dai darasin ya tsallako iyaka: mutum yana tsaron abin da ya san shi zai ci amfaninsa. Ko a Kuros Riba, mutanen Ekuri, waɗanda suka riƙe dajinsu na hekta dubu 33 da ɗoriya da kansu har suka samu lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2004, sun fi gandayen gwamnati da ke kewaye da su iya tsare itatuwansu.

Za a ce, kuma da gaskiya, ai shugabannin ƙauyuka ma sun karɓi nasu a zamanin Madrid, don haka miƙa musu daji kamar ba kura ajiyar nama ne. Maganin wannan shi ne littafin ƙidaya ya zama na kowa. Idan an kafe jerin lambobin itatuwan da aka yarda a sare a bana a ƙofar fadar dagaci, aka karanta shi a masallaci da coci, kowane gungume da ya fito kuma yana ɗauke da lambar da ta dace da ta kututturensa, to satar da ake yi da sunan gari za ta yi wuyar ɓoyuwa. Dole kuma a zaunar da makiyaya a cikin kwamitin tun ranar farko, domin tsarin da aka ƙulla ba da su ba, shanunsu ne za su cinye tohon a ranin farko. Game da abin da mutane za su ci kafin katako ya nuna, dajin da ke hutawa bai daina ba da zuma da kaɗe da kalwa ba, kuma tohon da aka rage yana shiga kasuwa a matsayin sandunan gini da itacen girki. Wuraren da suka mutu ƙurmus ne kawai ya kamata a dasa wa itatuwa masu saurin girma irin su malaina don kafintoci.

A watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji don fatattakar 'yan ta'adda daga dazuzzuka. Ana buƙatar hakan, domin babu mai riƙe igiyar awo a inda ake harbi. Amma yawancin dajin madobiya na Taraba da Adamawa ana iya shigarsa yau, kuma ƙasar tana da Cibiyar Binciken Gandun Daji a Ibadan da kwalejinta ta Jos, waɗanda aikinsu ke nan. Gwamnatin Taraba za ta iya zaɓen gandu ɗaya a ƙaramar hukumar Bali, ta biya kuɗin ƙidayarsa a rani mai zuwa, ta wallafa sakamakon, ta rattaba hannu da ƙauyukan da ke kewaye kan kason kowa na tsawon zagaye guda, da sharaɗin cewa sabuwar gwamnati ba za ta soke yarjejeniyar da sanarwar rediyo ba. Irin wannan ƙidaya ce CITES take jira daga Najeriya tun 2018.