Kwamandan Bakano da Kyautar Babarbare

A wani shagon sayar da katunan wasa a jihar Washington ta Amurka, inda ake haɗuwa duk ranar Juma'a da daddare, waɗansu ɗalibai huɗu suka zauna a teburi guda domin buga Magic: The Gathering a tsarin da ake kira Commander. Akwai Bakano da Bazazzagi, akwai Bafulatani da Babarbare, wato kowa ya zo da abokin wasansa, don haka tun ba a raba kati ba kowa ya san wanda zai fara kai wa hari.

Bazazzagi: Kafin a soma, ya wajaba in wayar muku da kai, tun da ni kaɗai ne na fito daga birnin ilimi. Wannan wasa wani masanin lissafi ne mai suna Richard Garfield ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993, kuma hedikwatarsa tana nan Renton cikin wannan jiha. Tsarin da za mu buga kuwa 'yan wasa ne suka faro shi a Alaska, sai a 2011 kamfanin ya fara sayar da damman katunansa a haɗe.

Bakano: Bawana, mun zo wasa ne ko mun zo lacca? Faɗi abin da ya shafi riba da faɗuwa, ka bar tarihi.

Bazazzagi: Kowa yana da damin kati 100, kuma ban da filaye na asali ba a yarda kati guda ya maimaitu ba. Ɗaya daga cikin ɗarin shi ne kwamanda, wanda ake ajiye shi a gefe a bayyane, kuma launinsa ne ke yanke irin katunan da za su shiga damin. Kowa zai fara da rai 40. Filaye su ne kuɗin wasan, da su ake biyan farashin kowane kati. Idan aka kashe kwamandanka yana komawa gefe, amma duk lokacin da za ka sake kiransa sai ka ƙara 2 a kan abin da ka biya a baya.

Bafulatani: Wato dabbar da ta mutu ana iya sake sayen ta, ita ɗin dai, ba ƙanwarta ba?

Bazazzagi: Kwamanda kaɗai. Sauran idan sun mutu sai kabari.

Bafulatani: To, aradu babu wadda za ta mutu a garkena.

Babarbare: Fulata, kwantar da hankalinka, ai ubangidanka yana nan kusa da kai. Kowa ya nuna kwamandansa.

Bazazzagi: Ni Atraxa na ɗauka, wadda ta fito a 2016, mai launi huɗu daga cikin biyar. Tana tashi sama, tana kai hari ba ta gajiya, duk abin da ta taɓa ya mutu, duk ɓarnar da ta yi kuma raina ne ke ƙaruwa. A ƙarshen kowane zagayena tana ƙara ɗaya a kan duk alamar da na zaɓa, saboda haka idan na ɗiga wa kowannenku guba guda ɗaya tak, sai in harɗe hannu ina kallo har ta kai 10, ku faɗi gaba ɗaya.

Bakano: Madalla da malamin da ke karanta wa abokan gaba takardar yaƙinsa. Ka ƙara bayani, muna rubutawa.

Bazazzagi: Ilimi ba ya jin tsoron a san shi. Kai me ka kawo, sarkin lissafin kwabo?

Bakano: Nawa Grand Arbiter Augustin IV ne, fari da shuɗi. Ba ya faɗa da kowa, mutumin kirki ne. Abin da kawai yake yi shi ne, katunana su yi araha, naku kuma kowanne ya ƙara tsada da 1.

Babarbare: Wato ka ƙetare teku, ka biya kuɗin makaranta, don kawai ka zo ka kafa shingen karɓar haraji.

Bakano: Ina mayar da asara ne. Na sayi katin Jeweled Lotus har guda uku na adana, ina jiran farashi ya tashi, sai ga shi a watan Satumba na 2024 kwamitin dokokin wasan ya haramta shi tare da katin Mana Crypt, farashi ya rikito. Dole wani ya biya, kuma ku ne a kusa.

Bafulatani: Ni kore zalla na ɗauka, domin launin ciyawa ne. Ga bijimina, Ghalta, ƙarfinsa 12, farashinsa ma 12, amma gwargwadon ƙarfin dabbobin da na tara gwargwadon saukar kuɗinsa, har ya dawo 2 kacal. Dabarata kuwa ita ce in tara garke.

Bazazzagi: Idan ka tara sai me?

Bafulatani: Sai in ƙirga su.

Babarbare: Ni kuwa, 'yan'uwa, ban zo da mugun nufi ba. Kwamandata Zedruu ce, tsohuwa tun damman 2011, rabi mutum rabi saniya, kuma aikinta kyauta. Duk abin da na ajiye a gabana ina iya miƙa wa ɗayanku, ita kuma a saka mata da rai guda da kati guda a kan kowace kyauta, duk zagaye.

Bafulatani: Mai ƙaho ba ta ha'inci. Yau dai bawana ya yi abin hankali.

Aka raba kati bakwai bakwai, aka soma. A zagaye na uku Bakano ya ajiye Rhystic Study, katin da ke ba shi damar jan kati guda duk lokacin da wani ya buga nasa, sai fa in mutumin ya biya 1, kuma daga nan teburin bai sake samun zaman lafiya ba.

Bakano: Za ka biya ɗayan?

Bazazzagi: Ban ko ajiye katin ba tukuna.

Bakano: Ina tunasar da kai ne, kada a zo ana jayayya a gaban Turawa. Fulani, kai fa, za ka biya ɗayan?

Bafulatani: Atishawa na yi.

Bakano: To, wannan karon na yafe.

Bazazzagi ya kira Atraxa, ya ɗiga wa kowa gubarsa kamar yadda ya yi alkawari, ya gyara hula. Kafin layi ya sake zagayowa kansa Babarbare ya kashe ta, yana ba shi haƙuri.

Bazazzagi: Me na yi maka, alhali ga Bakano can yana tatsar ka tun ɗazu?

Babarbare: Bakano aljihuna yake so, kai kuwa raina, kuma da bakinka ka faɗi ranar da za ka ɗauka. A teburin mutum huɗu, malam, wanda ya fara miƙewa tsaye shi ake fara jifa.

Bazazzagi: Ba komai, zan sake kiran ta. Farashinta 4, a ƙara 2, ya zama 6.

Bakano: A ƙara 1 na kwamandana, 7 ke nan. Sannan za ka biya ɗayan?

Bazazzagi: Wane ɗayan kuma? Ba yanzu na biya ba?

Bakano: Wancan kuɗin shiga kasuwa ne, wannan kuwa na rumfa.

Atraxa ta dawo, ta huce haushinta a kan Bakano sau biyu, guba ta hau zuwa 4, sai Bakano ya tsine mata da kati mai farashi ɗaya. Bazazzagi ya ƙirga filayensa ya ga 8, alhali yanzu 9 ake nema, ya ƙirga daga hagu, ya sake ƙirgawa daga dama, ba su ƙaru ba.

Bafulatani: Malam, waccan mai dafin ba ta nan ko?

Bazazzagi: Tana hutawa ne.

Bafulatani: Kuma babu ko ɗan akuya a gabanka da zai tokare hanya?

Bazazzagi: Damina na masu tunani ne, ba na makiyaya ba.

Bafulatani: To, bijimina zai zo gaishe ka, tun da ba abin da zai kurje masa fata.

Ghalta ya gaishe shi da 12, a zagaye na gaba ya koma ya sake gaishe shi da 12.

Bazazzagi: Har yanzu ina da sauran rai 19, saboda haka kada wanda ya yi murna.

Bakano: Bawana, akwai dokar da ka manta a laccarka. Duk wanda kwamanda guda ya yi wa ɓarnar 21 a fagen fama ya fita, ko da ransa dubu ne. Kai 24 ka sha. Tattara littattafanka, ga kujera can, in ka matsu za a nemo maka fate.

Bazazzagi: A ƙa'idance ni na fi ku dabara, a aikace ne kawai aka samu tangarɗa.

Da Bakano ya ga abin da bijimin ya aikata, sai ya jefa masa Swords to Plowshares, katin da ke kawar da dabba daga fili ya ba mai ita rai daidai ƙarfinta.

Bakano: Na tura bijiminka noma. Ga rai 12, kuɗin fata, kada ka ce Kanawa ba sa biya.

Bafulatani: Zan dawo da shi yanzu, garkena ya isa ya sauko da farashinsa.

Babarbare: Dakata, Fulata, ka yi rashi, kuma ba zan zauna ina kallon bawana cikin baƙin ciki ba. Ga Steel Golem, ƙarfinsa 3, jikinsa ƙarfe ne, ba ya cin ciyawa, ba ya shan ruwa. Na ba ka halak malak.

Bafulatani: Allah ya saka da alheri. Garke ya zama 9. To, yanzu bari in kira bijimi.

Bazazzagi: Karanta abin da aka rubuta a jikin kyautar. Duk wanda wannan ƙarfe yake hannunsa ba shi da ikon kiran wata dabba, har da kwamandansa.

Bafulatani: To, na mayar masa da abinsa.

Babarbare: Ba a mayar da kyauta, a wasan nan ma doka ce, ba ladabi kaɗai ba.

Bazazzagi: Mafita ɗaya gare ka, kuma ina ba ka ita sadaka. Ka tura ƙarfen yaƙi inda za a kashe shi, da ya mutu ka kuɓuta.

Bafulatani: In tura dabbar garkena a kashe da gangan? Malam, yanzu na gane dalilin da ya sa ka fara fita.

Babarbare ya ja katinsa na lada, ya ƙara rai guda, sannan ya ajiye Illusions of Grandeur, ransa ya haura da 20 nan take. Idon Bakano ya tsaya a kan katin bai ƙifta ba.

Bakano: Wannan haja nawa za ka sallama?

Babarbare: Haba Alhaji, tsakaninmu har da ciniki? Ɗauka, kyauta ce.

Bakano: To, ina rai 20 ɗin nawa?

Babarbare: Wannan na mai shigowa da shi ne, na riga na karɓa. Abin da ya rage maka shi ne ɗawainiya. A zagayen farko za ka biya 2, na gaba 4, na gaba 6, haka har abin da hali ya yi, kuma ranar da ka kasa biya katin ya tafi, sai a cire rai 20 daga naka.

Bakano: Raina 17 ne.

Babarbare: Shi ya sa na zaɓe ka.

Bakano ya biya 2 yana murmushin yaƙe, ya biya 4 yana gumi, ya biya 6 bai buga ko kati ɗaya na kirki ba, domin duk filayensa sun tafi a ɗawainiya. Da aka zo kan 8, filayensa 7 ne.

Bakano: A duba mini, 7 na taya, kuma kuɗi hannu.

Babarbare: Albarka.

Bakano: To, a rubuta ɗayan bashi, in biya zagaye mai zuwa. Shekara nawa muna tare?

Bazazzagi: Alhaji, tambaya ɗaya gare ni, kuma tun ɗazu take cina. Za ka biya ɗayan?

Bakano ya tura katunansa gefe, ya koma kusa da Bazazzagi, suka zauna suna ɗora wa juna laifi. Saura mutum biyu. Hannun Babarbare cike da kati amma gabansa 'yan tsaro biyu ne kawai, Bafulatani kuwa garkensa ya cika rabin teburi.

Bazazzagi: Fulani, na yi lissafi sau biyu. Idan ka tura su duka yanzu ka ci wasa, dabba ɗaya ko biyu kaɗai za ka rasa.

Bafulatani: Wacce da wacce?

Bazazzagi: Wanda ake kai wa hari ne ke zaɓen wadda zai tare.

Bafulatani: Babarbare ne zai zaɓi wadda za ta mutu a garkena? Na wuce, layinka ne.

Haka suka yi ta wucewa har mai shago ya zo ya ce lokacin rufewa ya yi. Kowa ya shiga tattara katunansa, sai aka ga Bafulatani ya saka Steel Golem a tsakiyar daminsa ya ɗaure da roba.

Babarbare: Fulata, miƙo ƙarfena. Idan wasa ya tashi kowane kati wurin mai shi yake komawa.

Bafulatani: Ba kai ka ce halak malak a gaban shaidu biyu ba?

Babarbare: Wannan a cikin wasa ne.

Bafulatani: Ashe ba kyauta ba ce, kiwo ka ba ni. To, zagaye shida na yi ina tsaron sa, ko ƙwarzane babu a jikinsa, sai ka biya ladan kiwo kafin ya fita daga garke.

Bakano: Ku dakata, kada ku ɓata zumunci a kan abin da ciniki zai warware. Ni zan shiga tsakani, la'adata kati ɗaya daga kowane ɓangare.