Abin da rahoton otal ɗin Brighton ya tsallake

Na karanta wani rahoto kan otal ɗin Grand da ke bakin teku a garin Brighton na ƙasar Ingila, sai na ga marubucin ya tsaya a kan kyawun ginin, wanda aka buɗe a 1864, ya bar abin da ya fi taɓa zuciyata. A wannan otal ne bam ɗin da ƙungiyar IRA, mai gwagwarmaya da makami don raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, ta dasa ya tashi wajen ƙarfe uku na dare ranar 12 ga Oktoba, 1984, lokacin taron jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Mutum biyar suka mutu, shugabar jam'iyyar kuwa, Firaministar Birtaniya ta lokacin Margaret Thatcher, wadda ke cikin otal ɗin, ta tsallake rijiya da baya.

Na ziyarci wurin lokacin da nake karatu a can. Ni da na tashi a Sakkwato, inda ruwan da na sani bai wuce Gulbin Rima ba, na tsaya a gaɓar tekun, wadda tsakuwa ce zalla, iska mai gishiri tana kaɗa rigata, ina kallon farin ginin da aka gyara har ba a gane inda ya rufta. Da na shiga shan shayi kuwa, hankalina bai bar mutanen da suka kwana cikin waɗannan ɗakuna a wancan dare ba.