Bulbul ɗinmu na gida da na Malesiya: bishiya ce rufin asirinsa

Duk wanda ya tashi a gida mai gwaba ko darbejiya ya san tsuntsun nan, ko bai riƙe sunansa ba: kai baƙi-baƙi mai ɗan tukku, baya ruwan ƙasa, ciki fari-fari, tsawonsa kamar santimita 19. Yana cikin masu fara kuka da asuba, kuma da ya hango maciji ko kyanwa sai ya cika unguwa da tsiwa. A littattafai ana kiransa bulbul. Laberiya ma shi ta ɗauka tsuntsun ƙasa.

Nan Malesiya akwai danginsa iri-iri, kuma biyu daga cikinsu sun isa mutum ya yi tunani. Mai rawaya a ƙarƙashin wutsiya ya cika Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar, har a tukunyar fulawa yake sheƙa, domin gari ne mai itatuwa da ruwan sama. Babban yayansu mai kai ruwan kara kuwa daɗin muryarsa ne ya ja masa. Masu keji sun yi ta kama shi har ya ƙare a Tailan da tsibirin Jaba na Indonesiya, a 2018 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa shi a sahun masu dab da ɓacewa. Da can shi ma gama-gari ne a bakin koguna.

Namu ba keji ke barazana gare shi ba. Abin da ke damuna shi ne sabon salon gininmu: a sare ɓaure, a sare cediya, a malale tsakar gida da siminti har bakin katanga. Wannan tsuntsu ba hatsi ne abincinsa ba. 'Ya'yan itace yake ci, gwanda, gwaba, nunannen mangwaro, 'ya'yan darbejiya, barkono, ya haɗa da ƙwari, musamman shinge bayan ruwan farko. Gidan da babu bishiya babu abin da zai ci, babu inda zai yi sheƙa.

Sheƙar ƙarama ce kamar ƙoƙo, ta ciyawa da siraran saiwoyi, a maƙale a gwafar reshe mai duhuwa. Ƙwai biyu ko uku ne masu ɗigon ja, macen ke kwanci kusan mako biyu. Bayan wasu mako biyun 'ya'yan su bar sheƙa tun fiffikensu bai yi ƙwari ba, kuma a nan ake yawan kuskure. Yara su tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa, a ɗauka maraya ne, a ɗura masa gero ko tuwo, ya mutu, alhali ƙwari masu laushi iyayen ke ba shi kuma suna kusa. A ɗora shi kan reshe, a kore kyanwa, a ja da baya.

Mai lambu zai ce ai ɓarna yake yi, kuma gaskiya ne, yana fafe gwaba da tumatir. Amma danƙo ba magani ba ne. A ɗaure 'ya'yan da suka fara ƙosawa cikin jakar takarda ko guntun tsohon gidan sauro, a bar masa na can ƙololuwa da hannu ba ya kaiwa. Da bazara a ajiye kasko a inuwa da ruwan da bai wuce gaɓar yatsa ba, a riƙa sauya shi kullum saboda sauro. Kafin a sassabe reshe kuma, a duba ko akwai sheƙa tukuna, musamman da damina.