Hannun da Sudan ta sa a waje, alƙalin gida ne zai tuna mata da shi

Kwanakin baya a Gadarif, a gabashin Sudan, na raka wani ƙanen mahaifina neman lambar ɗan ƙasa, wadda muke kira raƙam waɗani. An haife shi a nan, an haifi ubansa a nan, amma da ma'aikacin ya ji sunan kakansa sai ya tura takardun gefe, ya ce a kawo ƙarin shaidu. Baffa ya naɗe takardunsa cikin leda, ya ce mini: "Ɗana, gwamnati ai ba a ƙarar ta."

Ana ƙarar ta, Baffa. Sashe na 27 na kundin tsarin mulkin 2005 ya ce duk wani haƙƙi da ke cikin yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da Sudan ta amince da su ya zama ɓangare na kundin kansa, kuma kundin riƙon ƙwarya na 2019 ya maimaita haka a sashe na 42. Sudan ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin farar hula da na siyasa tun 1986, ta shiga ta hana azabtarwa a 2021. Ke nan alƙali a Sinnar ko Kasala da ya auna umarnin minista da waɗannan takardu bai ɗauko dokar wani ba. Tamu ya buɗe.

Akwai masu cewa wannan ƙofa ce ta shigowar Turawa cikin harkarmu, kuma tsara manufa aikin gwamnati ne. Rabin maganar gaskiya ce. Ba na so alƙali ya zauna yana yanke kuɗin burodi. Tambayarsa ƙarama ce: abin nan da kuka yi, ya saɓa wa alkawarin da kuka ɗauka ko bai saɓa ba? Idan gwamnati ba ta son tambayar, da ba ta sa hannu ba tun farko.

Kuma mun ga abin da ke faruwa idan gida ya yi shiru. Da Kudu ta ɓalle a 2011, aka gyara dokar zama ɗan ƙasa ta 1994, aka ce wanda ya cancanci zama ɗan Sudan ta Kudu ya rasa na nan, ko ya nema ko bai nema ba. 'Ya'yan mata 'yan Sudan da yawa suka wayi gari ba ƙasa saboda asalin ubanninsu, alhali sashe na 7 na kundin 2005 ya ba uwa da uba haƙƙi ɗaya wajen gadar da shi. Sai da maganar wata yarinya da ke neman shiga jami'a ta kai gaban kwamitin Tarayyar Afirka mai kula da haƙƙin yara, ya yanke a 2018 cewa Sudan ta saɓa. Wankin da ya kamata a yi a tsakar gida aka kai bakin hanya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kotun Tsarin Mulki. Wa'adin alƙalanta ya ƙare a Janairun 2020, aka bar ta shekaru ba kowa a kujera, ƙararraki suka taru, sannan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023.

Mu da kakanninmu suka yi hijira daga ƙasar Hausa suka kafa garin Mai Wurno a nan Sudan bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, har yau ana tambayar mu daga ina muke. Lauyoyinmu matasa su riƙa rubuta sashe na 42 na kundin 2019 cikin kowace ƙara ta irin ta Baffa, tun daga ƙaramar kotu, don alƙali ya ba da amsa a rubuce.