Sadakarmu ba ta kaiwa ɗakin bincike

A Kano ba a rasa mai taimako. In aka sanar a rediyo cewa ga yaro kwance a asibiti babu kuɗin magani, kafin la'asar 'yan Kwari da Singa sun fara turowa. Sai dai sadakarmu a bakin gadon mara lafiya take tsayawa, alhali akwai cututtukan da sai a ɗakin bincike ake gane su.

Cutar maitokondiriya na cikinsu. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wasu 'yan halittu da ake kira maitokondiriya, masu juya abinci ya zama kuzari, kamar janareta a gida. Idan suka samu tangarɗa, ƙwaƙwalwa da tsoka da zuciya ne ke fara jin jiki, domin sun fi kowa cin kuzari. Yaron da ya fara zama ko tafiya sai ya koma baya, wuya ya saki, farfaɗiya ta shigo, sau da yawa bayan ɗan zazzaɓi. Likitan Ingila Denis Leigh ya bayyana nau'in da ya fi tsanani ga yara tun 1951, kuma an ƙiyasta cutar maitokondiriya gaba ɗaya na shafar mutum 1 cikin 5,000. Har yau babu maganin warkewa, sai na sassauci.

A unguwanninmu kuwa, sunan irin wannan yaro ɗan ruwa. A yi ta hayaƙi da rubutu, in na biyu ya zo da irin ciwon, a ce daga uwar ne. Gaskiya ne daga uwa kaɗai ake gadon maitokondiriya, amma yawancin nau'o'in cutar masu kama yara ƙanana daga uwa da uba ne tare, kamar sikila, shi ya sa auren zumunci ke ƙara haɗarin. Rashin sani ma na kisa: maganin farfaɗiya na valproate na iya lalata hantar yaro mai wani nau'in cutar.

Wani zai ce maleriya da tamowa na ɗauke mana yara kullum, ina mu ina cutar da ba kasafai ba? Yana da hujja, kuma ban ce gwamnati ta karkatar da kuɗin rigakafi ba. Maganar aljihun al'umma nake yi. A 2017 iyayen Charlie Gard, wani jariri ɗan Ingila mai irin wannan cutar, sun tara sama da fam miliyan 1.3 daga jama'a. Yaron ya rasu, kuɗin suka koma gidauniyar tallafa wa bincike.

Mu ma muna da wakafi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su zauna da likitocin yara na Asibitin Malam Aminu Kano da masanan Jami'ar Bayero, a kafa asusun biyan gwajin ƙwayoyin gado da ajiye bayanan yaran. Sharaɗi ɗaya: a riƙa fitar da lissafin kowace naira a bainar jama'a, don Bakano ya sha ganin gidauniyar da ta ƙare a ranar ƙaddamarwa.